Kurakuran da Suka Karya Ƙananan 'Yan Kasuwa a Kullen Korona, da Yadda Za a Gyara

Daren Alhamis 16 ga Afrilun 2020 gwamnatin Kano ta sa dokar kulle, aka ce ta kwana bakwai ce. Mu masu shaguna da 'yan tireda a kan kwana bakwan nan muka yi lissafi, muka garƙame ƙofa, muka tafi gida da cinikin ranar a aljihu. Kafin mu ankara azumi ya kama, Shugaba Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu a jawabinsa na 27 ga watan, aka yi ta sabuntawa, ana ɗaga ƙafa na 'yan awanni a wasu ranaku, har farkon watan Yuli. Da aka buɗe, sai ka ga mutum biyu layinsu ɗaya, hajarsu iri ɗaya, wannan ya miƙe, wancan ya karye. Abin da ya raba su wasu halaye ne da muka saba da su tun ana zaune lafiya, ba mu ma ɗauke su kuskure ba.

Babbansu shi ne cin uwar kuɗi. A wurin yawancinmu aljihu ɗaya ne: kuɗin sari, kuɗin cefane, gudummawar biki, duk a cakuɗe. Muddin ana ciniki kullum ɓarakar ba ta fitowa, domin cinikin gobe yana cike ramin yau. Da kasuwa ta tsaya cak, sai cefanen azumi ya koma kan jari, mutum yana cin kuɗin katan goma na taliya yana zaton riba yake ci. Na sani, babu magidancin da zai zuba ido yara su kwana da yunwa don yana tattalin jari, kuma ba zan ce wa kowa ya yi haka ba. Inda aka kuskure shi ne ɗiba ba rubutu. Gyaran yana farawa tun yau: ka ƙirga kayanka a farashin sari, ka haɗa da kuɗin hannu, ka cire bashin da ake binka, abin da ya rage shi ne uwar kuɗinka, ka rubuta shi. Ka yanka wa kanka abin da za ka ɗauka kullum kamar kai ma yaron shago ne. In matsi ya sa ka taɓa jari, ka rubuta shi a matsayin bashin da shago yake binka, ka biya idan hali ya samu. Sannan ka riƙa jefa wani abu a asusu na daban har ya kai cefanen gida na wata ɗaya ko biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata hanyar cin jari da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce sayarwa a tsohon farashi. A watan Maris na shekarar Babban Banki ya mayar da dala daga naira 306 zuwa 360, a watan Agusta ta koma 379, a wajen 'yan canjin Wapa kuwa ta haura 450. Ga masana'antun Sin sun tsaya a farkon shekarar, ga iyakokin ƙasa a rufe tun watan Agustan 2019. Mai shadda a Kantin Kwari ya sayar da tsohon kayansa, ya ɗora 'yar ribarsa, yana murna ya yi ciniki. Da ya je sabon sari, kuɗin da suka sayi turmi goma jiya sai takwas suka saya. Kafin ka faɗi farashi, ka kira dilanka ka ji nawa kayan yake yau, a kan wannan za ka ɗora riba. Amma kada a haɗa wannan da ɓoye sukari da shinkafa a sito ana jiran su yi tsada, mutane na azumi cikin kulle. Wancan tsare jari ne, wannan zalunci ne, kuma unguwa ba ta manta wanda ya yi mata haka.

Sai maganar abokan ciniki. Da yawa cikinmu fuska muka sani, ba mu da lambar kowa. Mutum shekara goma yana zuwa sari daga Maiduguri ko Maraɗi, "Alhaji" kawai ake kiran sa. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, shi ke nan, igiya ta tsinke. Abin da ya burge ni a lokacin, matan da ke sana'a a cikin gida sun fi masu manyan shaguna shiri. Mai turaren wuta, mai kayan kicin, mai cincin da dubulan, dama ta WhatsApp suke tallarsu, dama sun saba da tiransifa da aiken ɗan sahu. Ka yi koyi da su: littafi guda na sunaye da lambobi da irin kayan da kowa yake ɗauka, hoto mai kyau da farashi a jiki, asusun banki na shago, da direba ɗaya a tasha wanda ka yarda da amanarsa. Kada kaya ya fita don an nuna maka alat a waya, sai ka duba ka ga kuɗin sun zauna a asusunka. Waɗanda suka koyi wannan a 2020 su ne ba su jigata sosai ba lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023.

Bashin da ka bayar ma a littafin nan zai zauna, da kwanan wata. "Ai mun san juna" ta cinye jarin mutane da yawa.

Kuskuren da har yau wasu ke ɗanɗana kuɗarsa shi ne abin da aka riƙa kira kuɗin korona. Babban Banki ya ware naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL domin magidanta da ƙananan 'yan kasuwa, kuma rance ne mai kuɗin ruwa, da wa'adin biya. Amma a majalisu aka baza cewa rabon arzikin ƙasa ne. Masu cike fom suka yanki kasonsu, wani ya ƙara aure, wani ya sayi waya, kaɗan ne suka zuba a sana'a. Da wa'adi ya cika aka bi lambar BVN ana cire kuɗi daga duk asusun da mutum yake da shi, wani ma kuɗin sarinsa aka kwashe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin takaicin, tallafin da ba a biya ya zo daga baya: shirin Survival Fund na naira biliyan 75 da aka ƙaddamar a watan Satumban 2020, wanda ya ba masu sana'ar hannu da direbobi naira 30,000, ya kuma ware rajistar sunan kasuwanci kyauta ga mutum 250,000 a hukumar CAC. Da yawa ya wuce su saboda ba su da asusun banki ko takarda ko ɗaya. Kafin ka sa hannu a komai ka tambaya: rance ne ko tallafi, nawa zan mayar, yaushe? Ka kuma mallaki katin ɗan ƙasa da BVN da rajistar sana'arka tun ba a buƙace su ba.

Sauya sana'a ma an yi shi da hankali, an yi shi da garaje. Telolin da suka ga babu biki, babu hawan Sallah, suka juya ragowar yadi zuwa takunkumi tun makonnin farko, sun samu na abinci da kekensu da zarensu. Wanda ya ci bashi ya jibge katan-katan na man tsaftace hannu bayan kowa ya shiga harkar, a kansa suka kwana. Ka juya da abin da ke hannunka da abin da ka iya. Mai kayan gwari a 'Yan Kaba, in ya ga ranakun kasuwa sun ragu, ya rage sari, tumatirin da ya fara laushi ya yanka ya shanya ya zama kauɗa, maimakon ya zubar a bola.

Na ƙarshe, ɓuya. Mutum dila na binsa, mai shago na jiran haya, sai ya kashe waya saboda kunya. Dilan da zai iya ɗaga maka ƙafa, shirunka ne yake sa ya ɗauka gudu ka yi, gobe kuma ko da rabin kuɗi a hannunka ba zai ba ka kaya ba. Ka riga shi kira, ka faɗa masa abin da ke sito da abin da ke hannunka, ka kai ɗan abin da ya samu, ku yanka sabon wa'adi a gaban shaida. Haka yaran shagonka. Wasu iyayen gida sun sallami yara ranar farko, da aka buɗe suka tarar yaron da ya san kwastomomi ya koma layin gaba da su. Ka zaunar da su, ka nuna musu littafin, ku amince a kan rabin sallama ko zuwa bi da bi har kasuwa ta dawo.