Inda kocin ƙwallon jami'a a Amurka ke tuntuɓe, da yadda ake gyarawa

A jihohi da yawa na Amurka, babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin ƙwallon jami'a albashi, har da gwamna. Ƙwallon da nake nufi ita ce tasu mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita kamar zari-ruga. Aiki ne mai maiƙo, amma yana cin mutum da wuri. Zan bi sawun Nick Saban, tsohon kocin jami'ar Alabama, wanda ya ajiye aiki a Janairun 2024 da kofin ƙasa guda 7, domin ramukan da ke kan wannan hanya ya tsallake wasu, ya kuma faɗa wasu.

Gaggawa ce ke fara kayar da matashin koci. Yana so ya zama shugaba tun bai iya riƙe ɓangare ɗaya ba. Saban ya fara a matsayin ƙaramin mataimaki a Kent State a 1973, bai samu ƙungiyar kansa ba sai 1990 a Toledo, bayan shekara 17 yana yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan, har korarsa aka yi a Ohio State. Abin da ya fi burge ni shi ne, da ya ci wasa 9 cikin 11 a Toledo, sai ya sauka ya koma mataimaki a ƙarƙashin koci Bill Belichick a ƙungiyar ƙwararru ta Cleveland har kaka huɗu. Gyaran ke nan: kafin ka dubi girman kujera, dubi a hannun wa za ka koya.

Kuskuren da ya fi tsada kuwa shi ne ɗaukar cewa aikin duka a fili yake. A gasar ƙwararru ta NFL, ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓar sabon ɗan wasa. A jami'a babu wannan rabo, kowa ƙafarsa ce za ta kawo masa. Koci zai shiga falon gidan yaro ɗan shekara 17, ya zauna a kujerar da aka nuna masa, uwar yaron tana gefe tana tambaya ko ɗanta zai gama karatu, kuma wa zai dube shi ran da gwiwa ta goce. Wanda ya iya zana dabara a allo amma ya kasa amsa wa wannan uwa, zai shiga fili da ragowar da wasu suka bari. Yanzu ma abin ya ƙara wuya: tun 2018 aka sauƙaƙa wa 'yan wasa hanyar sauya jami'a, daga Yulin 2021 kuma aka halatta musu samun kuɗi da sunansu da hotonsu. Saboda haka dole koci ya ware lokaci kowace shekara ya zauna da yaran da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ji kukansu kafin wani ya riga shi.

Sai kwaɗayin NFL. Steve Spurrier ya ci kofi da jami'ar Florida, ya je ƙungiyar NFL ta Washington ya ci wasa 12 ya sha kashi 20. Urban Meyer, shi ma kocin jami'a, bai ma gama kaka ɗaya a ƙungiyar NFL ta Jacksonville ba aka sallame shi a 2021. Shi kansa Saban, bayan kofin 2003 da jami'ar LSU, ya tafi Miami Dolphins ya ci 15 aka cinye shi 17. Tsawar da ke tafiyar da ɗalibi ba ta tafiyar da magidanci mai kwantiragin miliyoyi. Kuma a nan ya yi abin da har yau ba na ba shi uzuri: ya tsaya gaban 'yan jarida a Disambar 2006 ya ce ba zai zama kocin Alabama ba, cikin makonni kaɗan ya karɓi aikin. In tafiya za ka yi, 'yan wasanka su fara ji daga bakinka. In ba ka yanke ba, kama bakinka.

Jami'o'i ma suna da nasu laifin. Kakar Saban ta farko a Alabama, 2007, wasa 6 ya rasa, har ƙaramar Louisiana-Monroe ta bi shi gida ta doke shi. Suka yi haƙuri, a 2009 ya ɗauki kofi ba tare da an ci shi ko sau ɗaya ba. Texas A&M kuwa ta ɗaure kanta da doguwar yarjejeniya, ran da ta sallami Jimbo Fisher a 2023 sai da ta ɗauki nauyin biyan sa fiye da dala miliyan 70.

Na ƙarshe shi ne manne wa abin da ya taɓa kawo nasara. Saban mutumin tsaron gida ne, mai son wasan ƙarfi a hankali, har ya yi ƙorafi kan salon kai hari cikin sauri. Da ya ga duniya ta tafi can, sai ya ɗauko Lane Kiffin a 2014 ya sake fasalin harin. A wasan ƙarshe na kofin ƙasa, a Janairun 2018 a Atlanta, an tafi hutun rabin lokaci Georgia na da 13, Alabama ba ko ɗaya. Ya zaunar da Jalen Hurts, mai jefa ƙwallon da ya kawo su nan, ya sa Tua Tagovailoa, ɗan ajin farko. A ƙarin lokaci yaron ya jefa wa DeVonta Smith ƙwallo daga yadi 41, aka tashi 26 da 23. Inda mafi yawan koci ke kuskure shi ne su watsar da wanda suka zaunar. Hurts ya ci gaba da atisaye da samun damar shiga wasa. A Disambar shekarar, a filin nan dai, da Georgia ɗin dai, Tua ya ji rauni, Hurts ya taso daga benci ya juya wasan, Alabama ta ci 35 da 28.