Idan ka tsinci mindar Sarkin Ingila a adakar kakanka

Da muka buɗe adakar marigayi kakanmu a gidanmu na Mandawari, a ƙarƙashin tsofaffin rawuna na tarar da minda biyu, wato lambobin girmamawa, a ƙulle cikin ƙyallen alawayyo. Kakan namu tsohon malamin En'e ne, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ɗaya ta yi baƙi ƙirin. Don ƙwazo na ɗebo toka da tsamiya na dirje ta kamar gindin tukunya. Ta yi fes, amma da na kai wa wani dattijo mai sayar da kayan tarihi a Kasuwar Kurmi, sai ya juya ta a hannu ya ce, "Yaro, wa ya aike ka? Ai ka kankare rabin darajarta."

To, kafin ka taɓa ruwa, fara sanin me ke hannunka. Dubi fuskar da shekarar. In ka ga kan namiji da na mace a jere, duka da kambi, a baya kuma an rubuta 1910 da 1935, wannan ta cikar Sarki Joji na Biyar shekara 25 a kan gado ce, shi da matarsa Sarauniya Meri. Irinta ce na ɓata da dirza. Ta azurfa ce, faɗinta kamar milimita 32, an kuma raba ta a ƙasashen da Ingila ke mulka, har da nan. In Sarauniya Elizabet ce da 1953, ta naɗin sarauta ce, ba ta cika shekaru ba. Na cikar shekarunta su ne 1977, 2002, 2012 da 2022, kuma duk sun zo bayan Najeriya ta zama jamhuriya a 1963, don haka in ka ga ɗaya a Kano, galibi daga waje aka shigo da ita.

Sai ka kara mata maganaɗisu. Azurfa ba ta kamawa. Amma kar ka yi saurin murna, don goran ruwa da tagulla ma ba sa kamawa. Ɗora ta a tafin hannu: in ba nauyi, kuma huda aka yi mata a sama maimakon zobe, to irin ta tsaraba ce da aka buga da yawa. Ta biyun tamu haka take. In kana shakka, maƙerin farfaru zai gane maka, sai dai ka ce masa kada ya goga ta a dutse, kada ya ɗiga mata komai.

Wanki kuwa, ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu mara ƙamshi ya isa, da yatsa kawai, sannan ka tsane da auduga. Baƙin nan bar shi, shi ne shaidar tsufanta. Kintinkirin da ke jikinta kada ya ga ruwa, ko da ya koɗe, kuma kar ka sake shi da sabo.

Abin da na fi so ka kula da shi takarda ce. Ba a rubuta sunan kowa a jikin ta 1935 ba, takardar da ta zo da ita ce ke ɗauke da sunan mai ita. Tamu na same ta a ninke cikin wani tsohon littafin rasit, gara ta ci gefe guda. Ka bincika adakar da kyau kafin yara su share ɗakin. Ɗauki hotonta a waya, ka tambayi tsofaffin gida abin da suka tuna, ka rubuta. Gwaggona ce ta gaya mini ranar hawan sallah kaɗai kakanmu yake maƙala mindar.

Wajen ajiya, kowace da nata ƙyallen, don kar su goge juna. Ban da ɗaurin roba, yana baƙanta azurfa, ban da leda kuma, saboda laimar damina. Ni a ƙaramin kumbo na sa su, can saman kwaba, takardar kuma a ambulan dabam.