Shawara ga sababbin ɗalibai kan kwasa-kwasan GST

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai, musamman waɗanda suka shiga aji ɗaya a bana. Ina roƙonku kada ku raina kwasa-kwasan GST, wato darussan gama-gari na jami'a (General Studies), don kawai ba daga sashenku suka fito ba. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta wajabta su a kan kowane ɗalibi, ko likitanci yake karantawa ko shari'a, kuma wanda bai ci su ba ba zai karɓi digirinsa ba. A sabon tsarin karatun hukumar, GST 111 na koyar da Turanci ne, GST 112 kuma al'ummomin Nijeriya da al'adunsu.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne cunkoso, domin ɗaruruwan ɗalibai ake tarawa a zaure ɗaya, na baya ba ya jin malami, sai ya daina zuwa. Ku riƙa sammako ku zauna a gaba, ku nemi tambayoyin shekarun baya tun makon farko, sannan ku saba da amsa tambaya a kwamfuta, tunda jami'o'i da yawa ta nan suke yin jarrabawar, kuma lokacinta gajere ne ƙwarai.