Darasi na 9: Lambar Harsashi da Zaɓen Tsohuwar Bindigar Soja

Idan yaƙi ya ƙare, ko soja suka sauya makami, ba duka tsofaffin bindigogi ake narkarwa ba. Ƙasashe da yawa gwanjonsu suke yi. Ta haka miliyoyin bindigogin Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu suka shiga hannun farar hula a Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai, inda doka ta yarda mutum ya saya idan ya cika sharuɗɗa. Masu sayen sun haɗa da maharba, da masu gasar saiti, da masu tara kayan tarihi. A Amurka har akwai CMP, wata ƙungiya mai koya wa farar hula saitin bindiga, mai reshe a garin Anniston na jihar Alabama, wadda ke sayar wa 'yan ƙasar tsofaffin bindigogin M1 Garand.

A Najeriya ba haka abin yake ba. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu cin harsashi 7.62 da 9 da .300 da .303 cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Saboda haka darasin nan na karatu ne da lissafi. Za mu ga yadda mai saye a waɗancan ƙasashe yake zaɓe, mu kuma koyi karanta lambobin da muke ji a rediyo idan an ce 'yan sanda sun kama harsasai.

Sassan harsashi

Harsashi yana da sassa huɗu. Akwai kwanso, galibi na tagulla ko na ƙarfe. Akwai albarushi a cikinsa. Akwai kan harsashi, shi ne yake fita ya tafi. Sai wata 'yar ƙwaya a tsakiyar gindin kwanso, wadda ke tayar da wuta idan allurar bindiga ta buge ta.

Yadda ake karanta lambar

Ku dubi wannan: 7.62×54R

Ana karanta ta haka: bakwai ɗigo shida biyu, sau hamsin da huɗu, R. Wannan “sau” ɗin ba na lissafi ba ne, kada wani ya ɗauki alli ya fara ninkawa. Lamba ta farko faɗin ramin bututun bindiga ce da milimita. Lamba ta biyu tsawon kwanso ce, ita ma da milimita. Harafin R yana nufin gindin kwanson yana da leɓe da ya fito waje, kamar bakin tasa.

Ingila da Amurka da inci suke awo. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Idan kun ga .303, ɗigo ne a gaba, ma'ana bai kai inci ɗaya ba. Ku ninka 0.303 da 25.4, za ku sami kusan milimita 7.7. Ku ninka 0.30 da 25.4, za ku sami 7.62 daidai. Amurkawa kuma suna da nasu salon. A cikin .30-06, lambar 06 ba awo ba ce, shekara ce, wato 1906 da sojansu suka karɓi harsashin.

Nan ne mai rabin karatu yake faɗawa rami. Harsasai huɗu sanannu duk da 7.62 suke farawa: 7.62×39 na bindigogin SKS da AK-47, da 7.62×51 na ƙungiyar NATO, da 7.62×54R na Rasha, da .30-06 wanda da milimita 7.62×63 ne. Babu wanda yake zama a madadin wani. Wanda ya shiga shago ya ce “a ba ni bakwai shida biyu” kamar wanda ya je tasha ne ya ce a sa shi a motar Birni, bai faɗi ko na Kebbi ko na Gwari ko na Ƙonni ba.

Faransa ta ɗanɗana kuɗar wannan. A 1924 ta fito da sabon harsashi mai faɗin 7.5, amma tsawonsa da siffarsa sun yi kusa da na Jamus mai faɗin 7.92. Sai aka riƙa samun sojan da ya cusa na Jamus cikin bindigar Faransa, kai mai kauri ya shiga bututu mai matsi, bindiga ta fashe. A 1929 suka gajarta kwanson ya koma 7.5×54, yadda na Jamus ba zai shiga ba. Shi ne harsashin bindigar MAS-36.

Tambayar farko: ana samunsa?

Sabon shiga yakan fara da kallon bindiga, ya ga katako mai sheƙi da tambarin sarauta, ransa ya biya. Tsohon hannu da harsashi yake farawa. Kowace bindiga harsashi iri ɗaya take ci, kuma kuɗinta sau ɗaya ake biya, na harsashi kuwa duk fita fili sai an biya. Bindigar Arisaka ta Japan mai cin 6.5×50 ko 7.7×58, da Carcano ta Italiya mai cin 6.5×52, suna da tarihi, amma ba kowane shago ke da abincinsu ba. Sau da yawa a jikin bango suke ƙarewa.

Mafi sauƙin samu a Amurka shi ne .30-06, domin maharba suna amfani da shi har gobe, kuma manyan kamfanoni suna yin sabo. Sai 7.62×54R na bindigar Mosin-Nagant. Rasha ta karɓe shi a 1891 kuma har yau sojanta suna harba shi a bindigogin PKM da Dragunov. Shekaru da dama ana kawo shi Amurka cikin gwangwanin ƙarfe mai cin 440, da arha. Waccan arhar ta wuce. Kamfanin Prvi Partizan na Sabiya da Sellier & Bellot na ƙasar Cek suna yin sababbin harsasai na tsofaffin bindigogi iri-iri, su ne suka rufa wa masu .303 da 7.92×57 asiri.

Tambaya ta biyu: kafaɗa za ta ɗauka?

Duk bindiga tana tokarin kafaɗa idan ta tashi. Yawancin waɗannan tsofaffin ƙarfe ne a gindinsu, babu roba. Mosin-Nagant gajera, irin ta M44, tana da ƙara da tokari mai sa sabon shiga ya riƙa runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wanda ya saba da runtse ido saitinsa ya lalace. A ganina, mai koyo da yake da halin zaɓe ya nemi 6.5×55, wanda Suwidin da Norwe suka karɓa a 1894. Tokarinsa da sauƙi, kansa siriri ne dogo, yana tafiya saɓal. Kada sirantarsa ta ruɗe ku: maharban waɗannan ƙasashe da shi suke kayar da wata dabbar dawa dangin barewa mai girman doki. Mai son gasar saiti kuma yakan yabi K31 ta Suwizalan mai cin 7.5×55.

Wadda kakanninmu suka sani

Harsashin .303 na Ingila ne, tun 1888. Bindigarsa Lee-Enfield, mai cin harsashi goma a lokacin da bindigar Mauser ta Jamus da Mosin-Nagant ke cin biyar. Ita ce sojan Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a yaƙin Bama, cikinsu har da Hausawa masu yawa. Wanda ya taɓa zama da mazan jiya wataƙila ya ji labarinta.

Ko a nan akwai tarko. Daga 1963 masana'antar Ishapore ta Indiya ta ƙera wata Lee-Enfield mai suna 2A. Da ido kusan ba ta da bambanci da tsohuwar, amma 7.62×51 take ci, ba .303 ba.

Tambaya ta uku: abin da aka rubuta a jikinta gaskiya ne har yanzu?

Bindiga mai shekara tamanin ta bi hannu da yawa. Ku ɗauki K98k ta Jamus, wadda aka fara ba soja a 1935, mai cin 7.92×57. Bayan yaƙi, Norwe ta mayar da waɗanda ta gada zuwa .30-06. Isra'ila ta mayar da nata zuwa 7.62×51. Suna ɗaya, siffa ɗaya, harsashi uku. Shi kansa 7.92×57 iri biyu ne: na 1888 kansa inci .318, wanda ya biyo baya a 1905 inci .323. Bambancin bai kai kaurin farce ba, amma ya isa ya jawo haɗari a tsohon bututu mai matsi. Shi ya sa mai hankali ba ya harba tsohuwar bindiga sai ƙwararren maƙerin bindiga ya auna mazaunin harsashinta, ya leƙa bututun, ya faɗi abin da take ci.

Tsohon harsashin soja ma yana da nasa hali. Ƙwayar tayar da wuta ta yawancinsu tana barin gishiri a cikin bututu. Gishiri yana jan danshi, danshi ya kawo tsatsa cikin 'yan kwanaki. Man shafa wa bindiga kaɗai ba ya narkar da gishiri. Ruwan zafi ake zubawa a ranar da aka yi harbi, a busar, sannan a shafa mai.

Aikin aji

1. Ku karanta waɗannan da ƙarfi: 6.5×55, 7.5×54, 7.62×54R, .303, .30-06.
2. A cikin 7.92×57, wace lamba ce tsawon kwanso?
3. Tsakanin 7.62×39 da 7.62×51, bambancin tsawon kwanso milimita nawa ne?
4. Ku mayar da inci 0.323 zuwa milimita.
5. Daga 1891 zuwa bana, shekara nawa ke nan?
6. Ku rubuta jimla biyu a kan dalilin da ya sa Faransa ta gajarta harsashinta a 1929.