Idan sankarar hanci ta bazu: yadda za ku shirya wa allurar ƙonawa

Aikin jinya nake yi a Maradi, kuma da zarar likita ya ce ciwo ya bazu, dangi sai su tambaye ni: "Hajiya, sai an tsaga shi?" Ba dole ba ne: wani lokaci allura ake soka wa ƙullin ciwon a ƙona shi.

Sankarar da nake nufi tana tsirowa can saman kogon hanci, wurin jijiyoyin jin ƙamshi. Ba a cika ganinta ba. A 1924 likitocin Faransa suka fara bayaninta. Takan fara da toshewar hanci gefe guda da haɓo. Muguntarta ita ce tana iya dawowa ko bayan shekara 10, a kaluluwar wuya, ko huhu, ko ƙashi, wani lokaci hanta.

Ƙullin wuya galibi tiyata da gashi ake yi masa, gashi kuwa shi ne haska wurin da hasken na'ura mai kashe sankara. Na huhu ko hanta kuwa, in ƙarami ne, likita na iya soka doguwar allura ta fata, yana kallon sikana har ta shiga tsakiyarsa, sannan ya ƙona shi da zafin da ya wuce digiri 60, ko ya daskarar da shi da sanyi. Tabon ɗan ɗigo ne.

Sai dai ba kowa ake yi wa ba. An fi samun nasara in ƙullin bai wuce santimita 3 ba, kuma ba su da yawa. Don haka ku fara da tambayar likita: guda nawa ne, ina suke, nawa ne girmansu? Ku rubuta amsar. Ku haɗa hotunan sikana, tsofaffi da sababbi, da takardar gwajin tsokar da aka ɗiba tun farko. Wannan takardar ce aka fi yasarwa, alhali ita likita zai fara nema.

Tun 2021 ake gashi a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai, amma gashi daban, allura daban. Ko ina aka tura ku, ku kira ku tabbatar suna yin aikin kafin ku sayar da bisa ko ku shiga mota.

Ku faɗa wa likita duk abin da majinyaci ke sha, har na gargajiya, musamman asfirin da magungunan tsinka jini. Ranar aiki kada ya ci komai awa 6 kafin lokaci, sai in an ce muku wani abu daban.

Ɗan zazzaɓi da ciwon wurin na ƴan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Amma in huhu aka taɓa, numfashi ya fara sarƙewa, ku koma asibiti nan take, ko tsakar dare ne, don iska kan taru a ƙirji ta danne huhun. Bayan kamar wata guda a sake sikana, a ga ko ƙullin ya mutu.