Yadda Za Ka Sanya Mahaɗi A Shafinka Ba Tare Da Ka Tsaya Wa Kowa Ba

Duk wanda ya taɓa kai baƙo wurin dillali a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya ce ya san shi, to ya ɗauki nauyi, domin idan baƙon ya ci amana shi za a fara nema. Haka injinan bincike suke kallon mahaɗin da ka sanya a shafinka na intanet zuwa wani shafin. Tun daga tsarin PageRank da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kansa a 1998, kowane mahaɗi shaida ce, kuma shafin da ya tara shaidu yakan haura sama a sakamakon bincike. Da masu son banza suka gano haka, sai suka riƙa cusa mahaɗansu a shafukan mutane, har Google da Yahoo da MSN suka ɓullo da alamar nofollow a Janairun 2005.

Aikin kansa ba shi da wuya. Ka buɗe rubutun HTML na shafin, wato rubutun da aka gina shafin da shi, ka nemo wurin da aka rubuta href tare da adireshin da mahaɗin yake kaiwa, sannan ka ƙara rel="nofollow" a gefensa. Mai karatu zai danna ya wuce yadda ya saba, injin bincike ne kawai aka shaida wa cewa ba ka tsaya wa wancan shafin ba.

Inda ake yawan kuskure shi ne wajen talla. A ce kana da shafin sayar da albasa, sai wani mai motocin dako a Agege ya biya ka domin ka sanya mahaɗinsa. Wannan rel="sponsored" ya dace da shi, alamar da Google ya ƙaro a Satumban 2019 tare da rel="ugc" ta abin da maziyarta suka rubuta da kansu. Barin mahaɗin da aka biya kuɗinsa babu alama ya saɓa ƙa'idar Google, kuma yana iya jawo a mayar da shafinka baya. Tun daga wannan sauyi, Google shawara yake ɗaukar alamomin, ba umarni ba.

A ganina bai kamata ka liƙa nofollow a kan kowane mahaɗi ba, ko da yake Wikipedia haka take yi, domin ita kowa yana iya yin rubutu a cikinta. Shafin da ka karanta ka gamsu da shi, ka bar mahaɗinsa yadda yake. Idan ka kammala, ka buɗe shafin, ka danna Ctrl da U a kwamfuta domin rubutun HTML ɗinsa ya bayyana, ka nemi kalmar rel, ka tabbatar ta zauna inda ka sanya ta.