Yadda ake haɗa idon kyamara mai rahusa don kama hasken Cherenkov

Hasken gamma, wani haske mai tsananin ƙarfi da ke zuwa daga sararin samaniya, ba ya isowa ƙasa. Idan ya bugi iskar sama, ƙwayoyin da ya haifar sukan saki wata shuɗiyar walƙiya, hasken Cherenkov, wadda ba ta wuce 'yan nanosakan (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Ita kyamarar ke farauta.

Madubin hangen nesa na H.E.S.S. a Namibiya da MAGIC a tsibirin La Palma sun dogara da kwalaben PMT, masu mayar da haske siginar lantarki, masu cin lantarki wajen bolt 1000, waɗanda farin wata ke saurin tsufar da su. SiPM kuwa, ɗan guntun silikon mai jin haske wanda da shi za a haɗa wannan ido, ƙasa da bolt 100 ya ishe shi. Kyamarar FACT mai idanun SiPM 1440, wadda ta fara aiki a 2011, ta nuna SiPM yana jure farin wata.

Kuɗin yana tafiya ne da faɗin silikon, don haka a fara da rage shi. A ɗora wa kowane ido mazurarin haske, irin wanda ake kira mazurarin Winston, baki mai faɗi, gindi daidai da SiPM ɗin. Yana tattara haske, yana kuma kore wanda bai fito daga madubi ba. Kada a yi kwaɗayin babban SiPM guda: yawan faɗi na jan siginar ta yi doguwar jela. Gara ƙanana, kamar masu milimita 6, a haɗa siginarsu a amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sigina.

Sai matata. Hasken da ake nema ya fi ƙarfi wajen tsawon zangon haske na nanomita 300 zuwa 400, amma silikon yana jin jan haske ma, inda hasken sararin dare ya fi yawa. A sa gilashin da ke tare abin da ya haura nanomita 550, amma a tabbata ba ya cinye UV, hasken da ke ƙasa da nanomita 400, domin gilashin gama-gari yana yin haka.

Zafi ne ke ɓata aiki. Bolt ɗin da SiPM ke fara amsawa a kai yana hawa da gomman milibolt a kowane digiri, ƙarfin sigina ya riƙa yawo. A manna ma'aunin zafi kusa da kowane rukuni, kwamfuta ta riƙa gyara bolt. Farin wata ma yana ƙara jan wuta, bolt ya zube a kan resista. A auna, a cike giɓin.

Kada a ɗaga bolt fiye da kima don neman ƙarin ji. In an ɗaga, wani daga ƙananan sel ɗin da ke cikin SiPM yakan tayar da maƙwabcinsa, ɗigon haske ɗaya ya zama biyu, kyamara ta riƙa tashi a banza. A gwada kowane ido a akwati mai duhu da walƙiyar LED kafin a ɗaura shi.